Larurar kasa sabawa da sauyin rayuwa da hanyoyin magance ta

Larurar kasa sabawa da sauyin rayuwa wata matsala ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa da ke bijiro wa mutum bayan wani abu mai nauyi ya same shi, kamar mutuwar aure, rasa aiki, karayar jari, gobara, ƙaura ta dole, ko jin labarin cewa ya kamu da wata muguwar cuta. Mai larurar yakan shiga damuwa, fargaba ko sauyin hali wanda ya zarce abin da aka saba gani ga wanda irin wannan abu ya sama, har ya kasa tafiyar da aikinsa, karatunsa ko zamansa da iyali yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba larurar lamba 6B43 a kundinta na rarrabe cututtuka, ICD-11.

Akasarin masu larurar suna warwarewa cikin watanni shida bayan abin da ya jawo ta ya kau. Maganinta ya fi karkata ga rage nauyin abin da ya faru da kuma taimaka wa mutum ya iya fuskantarsa, ta hanyar tallafin jama'a da tattaunawa ta ɗan gajeren lokaci da ma'aikacin lafiya. Ƙwayoyin magani na zuwa ne daga baya, idan an buƙace su. Duk da cewa larurar kan wuce, tana tare da haɗarin kashe kai, shi ya sa likitoci ba sa ɗaukar ta da wasa.

Alamomi da sharuɗɗan ganewa

Manyan kundaye biyu ne likitoci ke dogaro da su wajen gane larurar. Na farko shi ne ICD-11, wanda aka amince da shi a watan Mayun 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Na biyu shi ne DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, aka kuma sake gyara shi a 2022.

ICD-11 ya tsaya a kan manyan alamomi biyu. Ta farko ita ce abin ya cika wa mutum zuciya: yana ta maimaita tunaninsa, yana zullumin abin da zai biyo baya, kuma ya kasa kawar da shi daga ransa. Ta biyu ita ce kasa sabawa da sabon halin da aka shiga, wanda kan bayyana ta rashin barci, kasa tattara hankali, da janyewa daga aiki ko mu'amala da mutane. A bisa wannan kundi, alamomin kan soma ne cikin wata ɗaya da faruwar abin.

DSM-5 ya ba da tazarar watanni uku tsakanin faruwar abin da bayyanar alamomi, ya kuma kasa larurar gida shida: mai zuwa da baƙin ciki, mai zuwa da fargaba, mai haɗe da su biyun, mai zuwa da lalacewar ɗabi'a kamar faɗace-faɗace ko gudun makaranta, mai haɗe da damuwa da lalacewar ɗabi'a, sai kuma wadda ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kundayen biyu sun haɗu a kan cewa larurar ba ta cika wuce watanni shida ba bayan abin da ya jawo ta da sakamakonsa sun ƙare. Idan kuwa matsalar ta daɗe, kamar doguwar jinya ko shari'ar da ta ƙi ƙarewa, larurar ma kan daɗe tare da ita.

Mutane da yawa ba sa zuwa asibiti da kukan damuwa. Abin da suke kaiwa gaban likita shi ne ciwon kai, faɗuwar gaba, zafin ƙirji, kasala, rashin cin abinci ko yawan tunani. Saboda haka tambayar abin da ya faru a rayuwar majiyyaci cikin 'yan watannin da suka gabata na daga cikin muhimman matakan ganewa.

Abubuwan da ke jawo ta

Ba dole ba ne abin da ya jawo larurar ya zama bala'i mai barazana ga rai. Yana iya zama abu guda, kamar kora daga aiki, ko abubuwa da dama da suka taru, kamar bashi da rikicin gida. Har ma sauyin da ake ɗauka na farin ciki, irin su aure, haihuwar fari, ƙarin girma a wurin aiki ko tafiya karatu wata ƙasa, na iya zama sanadi.

A 1967 likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun fitar da wani ma'auni na abubuwa 43 da kan faru a rayuwa, kowanne da makinsa gwargwadon yawan sauyin da yake tilasta wa mutum. Mutuwar miji ko mata ta samu maki 100, sakin aure 73, ɗauri a kurkuku 63, aure 50, kora daga aiki 47, yin ritaya kuwa 45. Ma'aunin ya nuna cewa sauyi shi kansa yana da nauyi, ko da na alheri ne.

Sai dai abu ɗaya kan sami mutane biyu, ɗaya ya jure ɗayan ya kasa. Masana halayyar ɗan Adam Richard Lazarus da Susan Folkman sun bayyana a 1984 cewa nauyin abu a kan mutum ya danganta ne da yadda ya fassara shi, da kuma ƙarfin da yake ganin yana da shi na tinkararsa. Sun bambanta hanyoyin jurewa biyu: wadda ke fuskantar matsalar kai tsaye, da wadda ke kwantar da zuciya. Yawancin hanyoyin maganin larurar a yau an gina su ne a kan waɗannan biyun. Abubuwan da ke ƙara yiwuwar kamuwa sun haɗa da talauci, rashin mai tallafawa, taɓa yin wata larurar ƙwaƙwalwa a baya, da taruwar matsaloli a lokaci guda.

Bambancinta da wasu laruri

Ba kowane ɓacin rai ba ne cuta. Kuka bayan rashi, ko kwana biyu ba barci bayan asara, abu ne da ɗan Adam ya gada. Ana kiran sa larura ne kawai idan ya wuce kima ko ya hana mutum harkokinsa. Kundayen biyu sun ce a yi la'akari da al'adar mutum wajen auna wannan kima. Alal misali, matar da ke zaman takaba na wata huɗu da kwana goma tana bin abin da addininta da al'ummarta suka tanada ne, don haka keɓewarta a wannan lokaci ba alamar cuta ba ce.

Likita yakan kuma tabbatar cewa alamomin ba su kai na wata larurar da ta fi ta tsanani ba. Idan sun cika sharuɗɗan babban ciwon damuwa, to shi za a rubuta, ko da wani abu ne ya tayar da shi. Ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, mai lamba 6B40, yana buƙatar abu mai tsananin razanarwa, kuma mai shi kan ji kamar abin yana sake faruwa a gabansa. Jimamin rashi da ya ƙi gushewa kuwa yana da tasa lamba, 6B42. Wasu cututtukan jiki, kamar na maƙoƙo da ƙarancin jini, da kuma shaye-shaye, na iya kawo alamomi masu kama da na larurar, don haka akan bincika su.

Yawan masu fama da ita

Larurar na cikin waɗanda aka fi rubutawa a asibitoci. DSM-5 ya ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na masu zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da an kwantar da su ba, ita ce babbar matsalarsu. A cikin majinyatan da ke kwance saboda wata cuta ta jiki, waɗanda aka kira likitan ƙwaƙwalwa ya duba, adadin kan kai kusan rabi. Wani nazari da Alex Mitchell da abokan aikinsa suka wallafa a 2011, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya samu larurar a kashi 19.4 cikin ɗari na majinyata a sassan kula da ciwon daji da cututtukan jini.

Magani

Manufar magani uku ce: a rage ko a kawar da abin da ke damun mutum idan zai yiwu, a ƙarfafa masa hanyoyin jure abin da ba zai kau ba, sannan a sassauta alamomin da ke hana shi komawa harkokinsa. Akan bi mataki-mataki ne, a fara da mafi sauƙi, a ƙara ƙarfi idan ba a ga ci gaba ba.

Matakin farko

Matakin farko shi ne sauraro da bayani. Ana sanar da majiyyaci cewa abin da yake ji yana da suna, yana da sanadi, kuma yawanci yakan wuce. Wannan bayanin kaɗai kan rage tsoron da wasu ke yi cewa sun fara taɓuwa. Daga nan sai a duba buƙatun zahiri. Wanda ambaliya ta raba da gidansa ya fi buƙatar matsuguni a kan doguwar tattaunawa, haka ɗalibin da ake cin zalinsa yana buƙatar a tsayar da cin zalin. Wannan na cikin abin da jagoran agajin gaggawa na kwantar da hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, ya ƙunsa: a lura, a saurara, a haɗa mutum da inda zai samu taimako.

Akan kuma shawarci majiyyaci ya riƙe lokacin barci da na cin abinci, ya riƙa motsa jiki, ya ci gaba da shiga jama'a, ya guji giya da ƙwayoyi. Dangi, abokai, maƙwabta da malaman addini suna da babban tasiri a nan, domin keɓewa na daga cikin abubuwan da ke tsawaita larurar. Ana sa ranar dawowa bayan 'yan makonni don a ga inda aka kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan tilasta wa mutum ya zayyana dukan abin da ya faru a zama guda jim kaɗan bayan tashin hankali, domin bincike bai nuna amfanin yin haka ba.

Magani ta hanyar tattaunawa

Idan alamomin sun ƙi lafawa, ko sun yi tsanani tun farko, sai a koma ga tattaunawa mai tsari, wadda yawanci ba ta wuce 'yan makonni ko 'yan watanni.

Hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, tana koya wa mutum ya gano tunanin da ke ƙara masa damuwa, ya auna shi da hujja. Wanda aka sallama daga aiki yana iya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da sauran amfani. Mai ba da magani zai taimaka masa ya raba abin da ya faru da hukuncin da ya ɗora a kansa, sannan su tsara ƙananan ayyuka da zai koma yi kullum, ko da bai ji sha'awar yin su ba.

Hanyar warware matsala, wadda Thomas D'Zurilla da Marvin Goldfried suka tsara a 1971, ta dace da larurar ƙwarai, tun da akwai takamaiman abin da ya jawo ta. Matakanta su ne: a lissafa matsalolin, a ware waɗanda za a iya sauyawa, a ɗauki ɗaya a fayyace ta, a kawo duk mafitar da ta zo a rai, a zaɓi wadda ta fi yiwuwa, a tsara yadda za a aiwatar, sannan a dawo a duba sakamako. Ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone ba zai iya dawo da kayan ba, amma yana iya fara da matsala guda, misali yadda zai tunkari masu bin sa bashi a nemi ƙarin lokaci.

Hanyar gyaran dangantaka, ta Gerald Klerman da Myrna Weissman, tana mai da hankali ne ga rashi, saɓani da kuma sauyin matsayi, kamar zama bazawara ko barin aiki bayan shekaru masu yawa. Akwai kuma dabarun sassauta jiki, irin su numfashi a hankali da sakin tsokoki ɗaya bayan ɗaya, da zaman rukuni na mutanen da abu iri ɗaya ya sama, kamar masu jinyar ciwon daji.

Wani nazari da Meaghan O'Donnell da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya duba gwaje-gwajen magani 29 a kan manya masu larurar, ya kuma nuna cewa ingancin hujjojin da ake da su yana da rauni. Don haka yawancin abin da likitoci ke bi an aro shi ne daga abin da ya yi aiki a kan ciwon damuwa da fargaba.

Inda ƙwararru suka yi ƙaranci

A ƙasashe da dama likitocin ƙwaƙwalwa ba su wadata ba, don haka aka tsara hanyoyin da ma'aikatan da aka ba gajeren horo za su iya bayarwa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shirin PM+ domin manya da ke cikin ƙunci sakamakon wahalhalun rayuwa. Shirin zama biyar ne, sau ɗaya a mako, kowanne na kimanin minti 90, kuma ya ƙunshi numfashi a hankali, warware matsala, komawa ga ayyukan yau da kullum, da ƙarfafa tallafin jama'a. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya.

A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya jagoranci shirin bencin abota, inda dattawan mata da aka horar ke zama da mutane a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna bi da su ta hanyar warware matsala har zama shida. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna raguwar alamomi a wurin waɗanda suka shiga shirin. Ba don wannan larura kaɗai aka tsara shirye-shiryen biyu ba, amma sun ƙunshi dabarun da ake amfani da su wajen maganinta.

Komawa bakin aiki

Larurar na cikin manyan dalilan ɗaukar hutun rashin lafiya a wasu ƙasashen Turai. Ɗan hutu na iya taimakawa, amma doguwar nisa da aiki kan sa komawa ta ƙara wuya. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2012, wanda ya haɗa bincike tara, ya samu cewa hanyar warware matsala ta gaggauta komawa aiki na wani ɓangare na lokaci, amma ba ta gaggauta komawa gaba ɗaya ba. Hanyar gyaran tunani da ɗabi'a kuwa ba ta rage tsawon hutun sosai ba. Saboda haka akan ba da shawarar komawa sannu a hankali, tare da gyara abin da ya jawo matsalar idan a wurin aikin yake.

Ƙwayoyin magani

Ƙwaya ba ta kawar da abin da ya jawo larurar, don haka ba da ita ake farawa ba. Likita na iya rubuta ta idan rashin barci ko fargaba ya yi tsanani har ya hana mutum amfana da tattaunawa. Magungunan kwantar da hankali na dangin benzodiyazefin, irin su diyazefam wanda aka fi sani da Valium, suna aiki da sauri, amma jiki kan saba da su har a kasa bari, shi ya sa ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su. A jagoranta na 2013 kan laruri masu alaƙa da tashin hankali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da su domin rage alamomin firgici a watan farko bayan mummunan lamari.

Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsu, kuma an fi amfani da su ne idan larurar ta daɗe ko ta rikiɗe ta zama babban ciwon damuwa. Ana sa ido sosai a kan 'yan ƙasa da shekara 25 a farkon shan su, saboda suna iya ƙara tunanin kashe kai a wannan rukuni. Sayen ƙwayoyin barci ko na kashe zafi irin su tiramadol da kodin ba tare da takardar likita ba kan ƙara wata matsala ne a kan ta farko.

Yara da matasa

A wurin yara larurar ta fi bayyana ta hali: fitsarin kwance bayan an daina, manne wa uwa, faɗa, ƙin zuwa makaranta ko faɗuwar maki. Abubuwan da suka fi jawo ta su ne rabuwar iyaye, rasuwar ɗaya daga cikinsu, sauya gida ko makaranta, da doguwar rashin lafiya. Magani kan haɗa da iyaye da malamai. Ana so a faɗa wa yaro gaskiyar abin da ya faru daidai da fahimtarsa, a tabbatar masa ba laifinsa ba ne, a kuma riƙe tsarin rayuwarsa na kullum. Duka ko tsawa ba sa gyara halin da damuwa ta haifar.

Haɗarin kashe kai

Tunanin kashe kai na iya zuwa da wuri a wannan larura, wani lokaci cikin 'yan kwanaki da faruwar abin, musamman ga matasa. Don haka ana tambayar kowane majiyyaci kai tsaye, kuma tambayar ba ta cusa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Alamomin haɗari sun haɗa da maganar mutuwa, jin an zama kaya ga iyali, yin bankwana, raba kayan da mutum ke ji da su, da taɓa yin yunƙuri a baya. Idan an ga haka, ba a barin mutum shi kaɗai, ana nisanta shi da maganin ƙwari, ƙwayoyi da makamai, sannan a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Makomar masu larurar

Makomar manya ta fi ta matasa kyau. A wani bincike da Nancy Andreasen da Paul Hoenk suka wallafa a 1982, an bi majinyata 100 har tsawon shekara biyar, aka samu kashi 71 cikin ɗari na manya lafiya lau, amma a cikin matasa kashi 44 ne kawai. Wasu daga cikin sauran sun kamu da babban ciwon damuwa ko shaye-shaye. Idan alamomi suka wuce watanni shida bayan matsalar ta kau, likita yakan sake duba ko wata larurar ce daban.

Tarihi

Kundin DSM na farko a 1952 da na biyu a 1968 sun bayyana irin wannan hali a matsayin rikicewar wucin gadi da wani yanayi ya jawo. Sunan da ake amfani da shi yanzu ya shiga kundin ne a bugu na uku a 1980. A ICD-10 larurar na da lamba F43.2. Shekaru da dama ana sukar ta da cewa ba ta da alamomi nata na kanta, ana rubuta ta ne kawai idan majiyyaci bai cika sharuɗɗan wata cuta ba. A 2007 Andreas Maercker na Jami'ar Zurich da abokan aikinsa suka kawo sabon fasali da ya ɗauke ta a matsayin martani ga matsin rayuwa mai alamominsa na musamman, kuma wannan fasali ne ya zama tushen bayanin da ke cikin ICD-11.

Kula da larurar a Najeriya

A Najeriya ana duba masu larurar a sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa da kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, waɗanda a arewacin ƙasar suka haɗa da na Kaduna, Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka ƙaddamar a 2008, yana horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane matsalolin ƙwaƙwalwa da aka fi samu, su kula da masu sauƙi, su tura masu tsanani gaba. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin masu larurorin ƙwaƙwalwa daga wariya.